Majami'ar Wesley da ke City Road a Landan: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihin Ikilisiyar da Gininta

Ɗaliban tarihin ikilisiya, da masu shirin kai ziyara Landan, da 'yan Metodis da suka taso suna jin sunan wannan majami'a, sukan yi tambayoyi kusan iri ɗaya game da ita. An tattara su a nan, an fara da na farko-farko kafin a shiga masu zurfi.

1. Wace majami'a ce ake magana a kanta, kuma a ina take?

Sunanta Wesley's Chapel, wato Majami'ar Wesley, tana lamba 49 a kan titin City Road, a ƙaramar hukumar Islington da ke Landan, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Old Street. An buɗe ta a ranar 1 ga Nuwamba 1778, John Wesley da kansa ya tsaya a kan aikin gininta, kuma kabarinsa yana bayanta. Saboda haka ne mutane da yawa suke kiranta uwar majami'un Metodis na duniya. A zamanin Wesley ba ta ɗauki sunansa ba, ana ce mata sabuwar majami'a kawai, daga baya aka riƙa kiranta da sunan titin. Hukumomin Ingila sun sa ta a mataki na ɗaya na gine-ginen tarihi, waɗanda ba a taɓa su sai da izini.

2. Wane ne John Wesley, kuma daga ina kalmar Metodis ta fito?

An haifi John Wesley a 1703 a Epworth, inda mahaifinsa Samuel yake limamin Ikilisiyar Ingila, wato Anglika. Ya yi karatu a Oxford, aka naɗa shi limami kamar mahaifinsa. A can ne, wajen 1729, shi da ƙanensa Charles da wasu ɗalibai kaɗan suka tsara wa kansu lokutan addu'a da azumi da karatun Littafi Mai Tsarki da ziyarar fursunoni, komai da sa'arsa. Sauran ɗalibai suka laƙaba musu suna Metodis don ba'a, ma'ana masu bin tsari ƙa'ida-ƙa'ida, sunan kuwa ya bi su har yau.

Bayan ya dawo daga Jojiya ta Amurka, inda aikinsa bai yi armashi ba, ya halarci wani taro a titin Aldersgate a daren 24 ga Mayu 1738, ya kuma rubuta cewa a nan ya ji zuciyarsa ta ɗumama, ya sami tabbacin gafarar zunubansa. Shekara guda bayan haka ya fara wa'azi a fili a Bristol, bisa gayyatar abokinsa mai wa'azi George Whitefield. Ana ƙiyasta cewa ya yi tafiyar mil 250,000, yawanci a kan doki, ya yi wa'azi kusan sau 40,000 kafin rasuwarsa.

3. Ita ce majami'ar Metodis mafi tsufa a duniya?

A'a. Wannan matsayi na New Room ne da ke Bristol, wadda aka fara ginawa a 1739. Abin da ya kamata a rarrabe shi ne gini da ikilisiya: ginin City Road na 1778 ne, amma jama'ar da suka tare a cikinsa sun riga sun yi kusan shekara arba'in suna sujada tare a wani wuri dabam, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 4.

4. A ina ikilisiyar take taruwa kafin a yi wannan gini?

A wani tsohon kango da ake kira Foundery, a unguwar Moorfields, ba nisa da inda majami'ar take yanzu. Asalinsa maƙerar igwa ce ta gwamnati. A 1716, ana cikin narka wasu igwogin da aka ƙwato daga Faransawa domin a sake zuba su, sai narkakken ƙarfen ya haɗu da laima a cikin mazubi, wurin ya fashe, mutane da dama suka mutu. Gwamnati ta mayar da aikin zuwa Woolwich, ginin ya zauna a yashe sama da shekara ashirin. Wesley ya yi wa'azi a cikinsa a Nuwamba 1739, ya karɓi hayarsa a kan fam 115, sannan ya kashe ninkin wannan kuɗi sau da yawa wajen gyara. Da ya rabu da ƙungiyar addu'a ta titin Fetter Lane a Yuli 1740 saboda saɓanin koyarwa da 'yan ɗarikar Morabiya da ke cikinta, mabiyansa suka tattara a nan, kuma daga wannan lokaci ne za a ƙirga tarihin ikilisiyar.

Wanda yake son ya gane Metodis na farko, a Foundery zai nema, ba a ginin da ya gaje ta ba. Ban da ɗakin wa'azi mai ɗaukar mutum kusan 1,500, akwai makarantar 'ya'yan talakawa, da ɗakin sayar da littattafai, da wurin ba da magani kyauta da aka buɗe a 1746, da asusun rance wanda yake ba mai ƙaramar sana'a har sule ashirin ya biya cikin wata uku. Kusa da ita akwai gidan tsofaffin matan da mazansu suka mutu, kuma Wesley ya rubuta cewa idan yana gari, da shi da masu wa'azinsa a tebur ɗaya suke cin abinci da su, abinci iri ɗaya. A nan mahaifiyarsa Susanna ta rasu a 1742, a nan kuma aka yi babban taron Metodis na farko a 1744.

5. Me ya sa aka bar Foundery, kuma wa ya gina sabuwar majami'ar?

Wa'adin hayar ya kusa cika, ginin kuma ya tsufa har gyara ya daina yi masa amfani. Sai Wesley ya nemi fili daga hukumar birnin Landan, ya kuma aika da roƙon gudummawa ga ƙungiyoyin Metodis na duk ƙasar, yana tunatar da su cewa jama'ar Landan sun daɗe suna taimaka wa wasu garuruwa, yanzu lokacin ramawa ya yi. An aza harsashi a ranar 21 ga Afrilu 1777. Ran nan an kwarara ruwa, Wesley kuwa ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa ruwan ya yi musu gata, domin ya hana dubban mutanen da suka yi niyyar zuwa, duk da haka da ƙyar ya kutsa ya kai ga dutsen harsashin.

Wanda ya zana ginin shi ne George Dance ƙarami, mai kula da gine-ginen birnin Landan. Wanda ya gina shi kuwa ɗan gida ne, Samuel Tooth, shugaban aji kuma mai wa'azi a ikilisiyar. Da aka gama, Wesley ya siffanta shi da cewa tsaf yake, amma ba na ƙawa ba ne. Wannan magana tana da muhimmanci ga tambaya ta 11, domin waɗanda suka zo bayansa ba su bar ginin yadda ya so shi ba.

6. Da gaske ne da itacen jiragen ruwa aka tokare benen majami'ar?

Da gaske ne. Ginshiƙan farko da suka ɗauki benen da ya kewaye ɗakin sujada ta gefe uku, dogayen itatuwan jiragen ruwa ne daga ma'aikatar jiragen sojan ruwa ta Deptford, kyautar Sarki George na Uku, aka shafe su da farar ƙasa suka yi kama da dutse. A 1891 aka cire su, aka sa ginshiƙan dutse mai sheƙi daga Faransa, waɗanda ikilisiyoyin Metodis na ƙasashen waje suka biya kuɗinsu. Ba a yar da na farkon ba, suna nan tsaye a zauren shiga. Mai ziyara kuma ya ɗaga kai ya dubi gaban benen, zai ga zanen kurciya da maciji ya kewaye ta, an maimaita shi a jere.

7. Yaya sujada take a zamanin Wesley, kuma shin majami'ar ta Ikilisiyar Ingila ce?

Amsar tana da ɗan sarƙaƙiya, domin Wesley ya rayu ya mutu yana limamin Ikilisiyar Ingila, kuma bai taɓa yarda cewa ya kafa sabuwar ɗarika ba. A City Road da littafin addu'o'in Anglika ake sujadar safiyar Lahadi, kuma limaman da bishop ya naɗa ne kaɗai suke ba da Jibin Ubangiji. Amma ba a ƙarƙashin wani bishop ginin yake ba, ba a kuma keɓe shi bisa al'adar Anglika ba. Maza suna zama gefe guda, mata gefe guda, ana wa'azi da ƙarfe biyar na asuba domin ma'aikata su ji kafin su tafi aiki, ana kuma rera waƙoƙi da baki kawai, sai a 1882 aka kawo ogan na farko, wato babban abin kiɗan majami'a. Mumbarin yana tsakiya, teburin Jibin Ubangiji yana bayansa a cikin lungu.

Wannan tsari ya jawo rigima tun shekarar farko. Masu wa'azi masu yawo da bishop bai naɗa ba, waɗanda su suka ɗauki wahalar aikin a faɗin ƙasa, sun ga an fifita limaman Anglika a kansu a mumbari mafi daraja, musamman Charles Wesley, wanda yakan hau shi sau biyu a Lahadi ɗaya. Sun kai kuka a 1779, Charles ya yi tsayuwar gwamen jaki. Ƙorafin nasu yana da tushe, kuma abin da ya biyo baya ya nuna inda iska take kaɗawa: a 1784 Wesley ya yi takardar doka da ta danƙa ikon ƙungiyar ga masu wa'azi ɗari bayan ransa, a shekarar kuma ya naɗa ma'aikata da hannunsa domin Amurka, sannan a 1795, shekara huɗu bayan rasuwarsa, aka amince majami'un Metodis su riƙa ba da Jibin Ubangiji da kansu. Daga nan rabuwa ta tabbata.

8. Mene ne aji, wanda ake yawan ambata a tarihin ikilisiyar?

Aji ƙaramin rukuni ne na mutum kusan goma sha biyu da shugabansu, suna haɗuwa mako-mako. Asalinsa neman kuɗi ne. A 1742, ana neman hanyar biyan bashin ginin Bristol, sai aka kawo shawarar a raba jama'a rukuni-rukuni, kowa ya ba da kwabo ɗaya a mako, shugaba ya bi ya karɓa, ya cika wa wanda ya kasa. Masu karɓar kwabon suka fara dawowa da labarin wanda ba shi da lafiya, da wanda ya koma shan giya, da gidan da ake faɗa, sai Wesley ya gane cewa ya sami hanyar kiwon jama'a, ya kawo tsarin Landan nan take. Kowane wata uku ana ba ɗan aji tikiti mai ɗauke da aya, wanda ya daina zuwa kuwa ba a sabunta masa. Da wannan ne mutum ɗaya da yake yawo a kan doki yawancin shekara ya iya riƙe ikilisiya mai dubban mutane a Landan.

9. Wesley ya zauna a harabar majami'ar? Yaya aka yi jana'izarsa?

Gidansa yana hannun dama idan an shigo daga titi, siririn gidan bene na jan bulo da ya tare a cikinsa a 1779. Yawanci da hunturu yake zama, da bazara ta shigo sai ya kama hanya. An mayar da gidan wurin tarihi a 1898, kuma har yanzu ana iya ganin ɗan ƙaramin ɗakin addu'arsa da ke manne da ɗakin kwana, inda yake durƙusawa da ƙarfe huɗu na asuba, da na'urar lantarki da yake gwada yi wa marasa lafiya magani da ita, da wata kujera mai tsalle da ake hawa domin motsa jiki idan sanyi ya hana hawan doki.

Ya yi wa'azinsa na ƙarshe a majami'ar a ƙarshen Fabrairu 1791, a makon nan kuma ya rubuta wa ɗan majalisa William Wilberforce wasiƙa yana ƙarfafa shi kada ya gaji da yaƙi da cinikin bayi. Ya rasu a gidan ranar 2 ga Maris, yana da shekara 87, kuma daga cikin kalmominsa na ƙarshe akwai: "Mafi kyau duka, Allah yana tare da mu." An ajiye gawarsa a majami'ar, dubban mutane suka wuce ta gabanta, sannan aka binne shi ranar 9 ga Maris da ƙarfe biyar na asuba domin gudun turmutsitsi. A wasiyyarsa ya hana keken gawa da duk wani shagali, ya ce matalauta shida su ɗauke shi, a raba musu fam shida. Limamin da ya karanta addu'ar binnewa, John Richardson, da ya zo inda littafi ya ce "ɗan'uwanmu", sai ya dakata ya ce "ubanmu", jama'a suka fashe da kuka.

10. Me ya sa kabarin Charles Wesley ba ya nan? Ina na mahaifiyarsu?

Charles ya ƙi a binne shi a City Road saboda dalilin da aka ambata a tambaya ta 7, wato bishop bai keɓe filin ba. Da ya rasu a 1788 sai aka kai shi maƙabartar majami'ar Anglika ta Marylebone, abin da bai yi wa John daɗi ba. Duk da haka sawunsa yana ko'ina a harabar. An ruwaito cewa a tsufansa yakan iso gidan a kan ɗan dokinsa, waƙa ta zo masa a hanya, ya shigo yana kiran a kawo masa alƙalami da tawada, ba ya gaisawa da kowa sai ya rubuta ta tukuna. Susanna kuwa tana tsallaken titi, a maƙabartar Bunhill Fields, inda aka binne marubuta John Bunyan da Isaac Watts da Daniel Defoe da William Blake.

11. Ginin da ake gani yau shi ne na 1778?

Bangonsa da siffarsa da mumbarinsa su ne, amma abubuwa da yawa sun sauya. A 1864 aka rage tsawon mumbarin, wanda a da hawa uku ne. A 1879 gobara ta cinye rufin ciki, aka sake yin irinsa. Babban sauyi ya zo a 1891, shekara ɗari da rasuwar Wesley: ban da ginshiƙan da aka yi bayani a tambaya ta 6, an kawo sababbin kujeru, an ƙara tagogi masu gilashi mai launi, an kuma kafa mutum-mutumin Wesley na tagulla a farfajiya, aikin John Adams-Acton, da rubutu a gindinsa cewa duniya ce gundumarsa. Bango ya cika da allunan tunawa da shugabannin ɗarikar. Gaskiyar magana, ɗakin da mai shi ya ce ba na ƙawa ba ne ya koma na ƙawa, kuma yana da wuya a ce Wesley zai yi murna da kuɗin da aka kashe wajen girmama shi. Akwai ma bayan gida na maza da aka yi a 1899, da kayan kamfanin Thomas Crapper, wanda masu yawon buɗe ido suke sauka su kalla kamar wani abin tarihi, kuma shi ɗin ne.

Matsalar da ta fi tsanani tana ƙarƙashin ƙasa. Filin dausayi ne da aka cike da ƙasa, aka kafa ginin a kan turakun itace, kuma da ruwan ƙasa ya ja baya sai itacen ya ruɓe. Tun ran gini tun ran zane: an ƙarfafa harsashin a 1891, majami'ar ta tsira daga bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu da suka rushe maƙwabtanta, amma a 1972 aka tarar ba ta da aminci, aka rufe ta. Ikilisiyar ta yi shekara shida tana sujada a wurin aro, yayin da 'yan Metodis na ƙasashe da yawa suka tara kusan fam miliyan ɗaya. An sake buɗe ta ranar 1 ga Nuwamba 1978, shekara 200 cif da buɗewar farko, Sarauniya Elizabeth ta Biyu da mijinta suna wurin.

12. Me ya sa ake haɗa sunanta da Leysian Mission?

Domin tun 1989 ikilisiya biyu ne suka zama ɗaya. Tsofaffin ɗaliban makarantar Leys ta Cambridge, makarantar Metodis, su suka kafa wannan mishan a 1886 a titin Whitecross domin talakawan unguwar, da asibitin sha-ka-tafi da taimakon lauya ga marasa hali da rabon kayan agaji. A 1904 ta koma wani katafaren gini a kan City Road ɗin, ɗan gaba kaɗan. Bayan yaƙi mutanen unguwar suka ragu, gwamnati ta ɗauki yawancin ayyukan jinƙan, gine-gine biyu a titi ɗaya suka yi wa jama'ar nauyi. Haɗewar ta maido wa majami'ar wani abu na halin Foundery da ta yi sakaci da shi lokacin da ta zama wurin manyan bukukuwa.

13. Mece ce alaƙar Margaret Thatcher da majami'ar?

Tsohuwar Firaministar Birtaniyar a gidan Metodis ta taso a Grantham, mahaifinta mai wa'azi ne. A nan aka ɗaura aurenta da Denis Thatcher ranar 13 ga Disamba 1951, a nan aka yi wa tagwayenta baftisma, kuma ita ta ba da kyautar shingen da ake durƙusawa a gabansa wajen karɓar Jibin Ubangiji a gaban mumbari.

14. Akwai dangantaka tsakaninta da ikilisiyoyin Metodis na Najeriya da Ghana?

Akwai, ta fuskar asali da ta fuskar jama'a. Reshen Metodis da ya gaji Wesley kai tsaye, wanda City Road take cibiyarsa a Landan, shi ya aiko Joseph Dunwell zuwa Cape Coast a 1835, sannan Thomas Birch Freeman, ɗan Ba'afirke da Baturiya, wanda ya isa can a 1838, ya kai Kumasi a 1839, ya kuma sauka Badagry ranar 24 ga Satumba 1842 bisa kiran 'yantattun bayi da suka dawo daga Saliyo. Ikilisiyar Metodis ta Ghana ta sami cin gashin kanta a 1961, ta Najeriya a 1962. Sai dai a lura cewa ikilisiyar United Methodist da aka sani a yankin Muri na jihar Taraba ta wata hanya ta biyo, ta hannun 'yan mishan na Amurka da suka yi aiki a Bambur, waɗanda ɗarikarsu ta haɗe da Metodis na Amurka a 1968.

A City Road aka yi taron farko na 'yan Metodis na duniya a 1881. A yau kuma kaso mai yawa na masu cika kujerun ranar Lahadi 'yan asalin Afirka ta Yamma ne da yankin Karibiyan, waɗanda suka zo Landan aiki ko karatu suka nemi ikilisiyar da suka saba da ita a gida.

15. Yanzu gidan tarihi ce ko majami'a mai aiki?

Duka biyun ne, kuma ikilisiyar tana ƙoƙari kada na farkon ya danne na biyun. A 1984 aka buɗe gidan tarihin Metodis a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, aka sabunta shi a 2013. A sama kuwa ana sujada kowace Lahadi da tsakiyar mako, ana baftisma da ɗaurin aure da jana'iza. Leslie Griffiths, wanda ya zama ɗan Majalisar Dattawan Birtaniya, ya shugabance ta daga 1996 zuwa 2017, Jennifer Smith ta gaje shi, mace ta farko a wannan muƙami. Wanda ya je ziyara ya nemi a nuna masa ɗan ƙaramin ɗakin sujada da ke gefen babban, wanda aka sa wa sunan Foundery. A cikinsa akwai ƙaramin ogan na Charles Wesley, da wasu dogayen bencina na katako da aka ɗauko daga tsohuwar maƙerar igwa lokacin ƙaura a 1778, kuma har yanzu a kansu ake zama idan ana addu'a a ɗakin.